Zarni a Lungun Ɗakin Sanyi

Ni na fara jin warin, kuma ni ce wadda ba ta da bakin faɗa.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin kaji da ke gefen hanyar Karshi, ba nisa da Orozo inda muke haya ni da maigidana. Ana kawo kajin da rai, a yanka, a fige, a wanke, su iso wurinmu a kan dogon tebur na ƙarfe. Mu mata aikinmu mu sa su a leda, mu ɗaure, mu jera a kwando, maza su tura zuwa ɗakin ƙanƙara. Sanyin wurin ba a magana. Za ki fito daga zafin Abuja kina gumi, ki sa rigar sanyi biyu, ki ɗora farar riga har gwiwa, ki zura takalmin roba, amma kafin azahar yatsunki sun daina jin magana.

Wannan tulin kayan ne ya rufa mini asiri, domin ciki gare ni. Kafin shi ciki biyu sun zube mini, na biyun har ya fara girma, kuma kowanne sai da na gama shelanta wa dangi. Saboda haka wannan na ce ba mai ji, ko mahaifiyata da ke Keffi. Daga ni sai maigidana sai Allah. Ga kuma ƙa'idar kamfanin, wadda ba a rubuta ko'ina ba amma kowa ya haddace. Mu ba ma'aikatan dindindin ba ne, duk wadda aka ga cikinta ya turo, oga zai kira ta ya ce ta je gida ta huta, za a neme ta. Ba a taɓa neman kowa ba. Maigidana kuwa mai sa tayil ne, aikinsa yau akwai gobe babu. Ina son aikin nan, ba zan yi ƙarya ba. Amma abin da ke cikina na fi so, kuma duk tsorona a kansa yake.

Shugabar layinmu wata 'yar Binuwai ce, doguwa, mai kakkausar murya, muna ce mata Madam. A Hausarta kowa "kai" ne, mace ko namiji. Wata safiya na shigo na nufi wurin da na saba tsayawa a tsakiyar tebur, sai ta tare ni da hannu.

"Kai, daga yau can ne wurinka," ta ce, tana nuna ƙarshen tebur.

Na ce, "Madam, me na yi?"

"Na ce ka yi wani abu? Je ka can."

Can ɗin wani lungu ne a jikin bango, bayan kwandunan da ake tarawa har su wuce tsayin mutum. A samansa wasu bututai suke wucewa, fari fat da ƙanƙara, sun fito daga ɗakin inji da ke bayan bangon sun nufi ɗakin ƙanƙara. Daga lungun ba a hango tagar gilas ɗin da oga yake leƙen mu ta ciki. Na tafi ina cika ina batsewa. Ni ba ni da saurin yarda da mutum, haka Allah ya yi ni, kuma ban taɓa ganin an canza wa mutum wuri a kamfani don ana ƙaunarsa ba. Na ce a raina matar nan ta hango wani abu, tana so ta ware ni ne ta zuba mini ido.

A ranar na ji shi. Wari ne irin na zarnin fitsari, amma ba irin na bayan tasha mai nauyi ba. Wannan siriri ne, mai kaifi, yana shiga hanci ya wuce kai tsaye ya tsikari bayan ido. Ya zo, ya tafi, ya sake dawowa. Na juya wajen matar da ke kusa da ni, wata dattijuwa 'yar Filato da duk muke kira Mama, wadda ta fi kowa daɗewa a layin.

"Mama, ba ki jin wani zarni?"

Ta ɗaga hanci ta shaƙa, ta girgiza kai. Sai ta dubi ta gefenta, ta gefen ta dubi ta gaba, na ga murmushi yana bin tebur ɗin daga wannan baki zuwa wancan. Mama ta ce, "'Yata, ni ban ji komai ba. Hancinki dai yana da kyau kwanan nan."

Kowace mace ta san wace ce ke jin warin da ba wanda ya ji. Na yi maza na ce ƙila mura ce ke son kama ni, na sunkuyar da kai na ci gaba da ɗaure leda. Daga ranar na kama bakina, amma na sa Mama a jerin waɗanda zan yi hattara da su.

Allah na tuba, har kaina na zarga. Mai ciki ba ta rabuwa da banɗaki, sai na fara tunanin ko ni ce nake ɗiga ban sani ba. Kafin na fita aiki sai na yi wanka, na turara kayana har hayaƙi ya kore maigidana daga ɗaki, na shafa humra. Da na dawo sai na cire zani na kai hanci. Wata rana da yamma na miƙa masa na ce ya shinshina.

Ya ce, "Haba! Ni kuma yau aikin da aka ba ni ke nan?"

Na ce, "Malam, ka shinshina ka gaya mini gaskiya, ba wasa nake ba."

Ya shinshina, ya ce shi ƙarnin kaza kawai ya ji, kuma wannan ai ya daɗe da haƙura da shi. Ya yi dariya, ni ban yi ba. Idan ba daga jikina ba ne, to daga wani wuri ne, kuma a wurin nake tsaye tun safe har la'asar.

Bayan wasu makonni warin ya ƙara ƙarfi, har wata rana ya isa tsakiyar tebur. Mata suka fara tari, wata ta ce idonta na yaji. Nan take aka sami mai laifi. Ai masu lodi ne! Ƙartin da ke loda kwali a mota, su ne ke zagayawa bayan bango su yi fitsari saboda banɗakinsu yana can bakin ƙofa. Madam ta fita ta zazzage musu, su kuma suka rantse da Alƙur'ani, masu Baibul suka rantse da Baibul. Oga ya sauko da kansa, ya sa aka kwarara maganin wanke masai a bayan bangon, aka rubuta da jan fenti cewa duk wanda aka kama a bakin aikinsa. Har Baba mai gadi aka ɗauke daga inuwarsa aka dasa shi can da sanda yana gadin bango. Tsoho ya yini a rana yana jiran mai fitsari, bai kama ko akuya ba.

Kowa ya gamsu, ban da ni. Yaya fitsarin da aka yi a waje zai ratsa bulo da siminti da farin ƙarfen da aka lulluɓe ɗakin da shi? Kuma me ya sa warin ke tashi daidai lokacin da injin bayan bango ya canza kuka? Na lura da wannan, don bayana na jikin bangon, duk wani motsin injin a ƙashin bayana nake jin sa. Ya yi wani gurnani ya ɗauka, ba a jima sai yajin ya sauko mini daga sama.

Ran nan da aka tashi cin abinci na ce zan yi alwala, na zagaya baya. Na gaida Baba mai gadi, na dubi gindin bangon. Ƙasa a bushe take ƙayau, ko ɗigo babu. Ƙofar ɗakin inji kuwa a buɗe, an tokare ta da dutse, ga wata ƙatuwar fanka an kafa tana hura iska waje. Mai kula da injin yana zaune a kan benci, wani mutumin Neja ne mai sanyin magana, kowa na ce masa Injiniya. A wuyansa wani baƙin abin rufe fuska na roba yake rataye, mai gilas a ido da gwangwani a baki. A ƙarƙashin bencin ga gwangwanayen madara da aka shanye.

Na ce, "Injiniya, sannu da aiki. Don Allah mene ne wannan abin da ke wari?"

Bai ɓoye sunan ba. Ya ce amoniya ce, iskar da ke yawo cikin bututan nan, ita ke kawo sanyin. Ya ce kowane kamfanin sanyi da irin wannan injin ba ya rasa ɗan warinta, ba wani abu ba ne.

"To ashe ba fitsari ba ne."

Ya ɗaga kafaɗa. "Ni ban ce fitsari ba ne. Ban kuma ce ba shi ba ne. Ba a tambaye ni ba."

"In ba wani abu ba ne, wannan na wuyanka fa?"

"Wannan doka ce."

"Madarar fa?"

Ya ce oga ke aiko musu, wai tana wanke ƙirji. Shi dai yana sha don madara ce. Sannan ya ce ya riga ya faɗa a sama cewa akwai wani mahaɗin bututu da ke son canji, an ce sai an sami lokacin tsayar da inji, kuma kaji ba sa jira. Daga nan ya dube ni, duba na tsanaki, daga fuska zuwa ƙasa.

"Hajiya, duk matan nan ba wadda ta zo tambaya sai ke. Lafiya dai?"

Na ce lafiya lau, na juya da sauri har ina tuntuɓe da dutsen ƙofar. Wato a kamfanin nan ba dama ki tambayi abin da kike shaƙa sai an leƙa cikinki. Na koma lunguna zuciyata na tafasa. Masu inji an ba su abin rufe fuska da madara, mu kuma an ba mu labarin fitsari.

Daga nan idona ya buɗe, komai na gani sai na yi masa tambaya. A saman lungun, kusa da bututan, akwai wani ɗan akwati manne a bango, an naɗe shi da baƙar leda an ɗaure da roba. Na tambayi matar da ke wanke ɗakin da tiyo bayan mun tashi. Ta ce abin ƙara ne, in ya ji iskar nan sai ya yi ta ihu. Ta ce an ce ta riƙa rufe shi kada ruwa ya lalata shi in tana wanki.

Na ce, "To in kin gama wankin wa ke cirewa?"

Ta ce ita dai rufewa aka ce ta yi.

Sai ga wata rana an ce baƙi za su zo duba kamfani. Tabɗi! Tun da sassafe aka buɗe ƙofofin da ban taɓa sanin suna buɗuwa ba. Aka raba mana sababbin safar hannu da hular gashi. Aka kwashe kwandunan lunguna, aka mayar da ni tsakiyar tebur, aka ce yau ba mai tsayawa can. Na ɗaga kai, ledar nan ta ɓace, akwatin na walƙiya da 'yar koriyar fitila. Injin bayan bango kuwa shiru, wai ana masa hidima. Baƙin suka shigo da fararen riguna, suka zaga, suka gyaɗa kai, aka kai su ofis. Da za su tafi na ga ana sa musu kwali a bayan mota, amma wannan ban san ko saye suka yi ba, kada na ɗauki alhaki. Washegari kwanduna sun koma, leda ta koma, ni ma na koma.

Na gaya wa maigidana duka. Ya ce na bar aikin. Ya faɗa da gaske, har da buga ƙafa, amma a watan nan ko bene ɗaya ba a kira shi ba, kuma ni na san abin da ke cikin buhun shinkafarmu. Na ce ya bari na kai bayan Sallah, lokacin da aikinsa ke yawa. Na ce ai zan roƙi Madam ta canza mini wuri. Na roƙe ta kuwa, har sau biyu. Na farko ta ce, "Kai ba ka san gata ba." Na biyu ko kallona ba ta yi ba. Wannan ya ƙara tabbatar mini da cewa da gangan ne. Na yi ta juya abin a raina. Ko so take na gaji na tafi da kaina ta kawo 'yar garinsu? Ko oga ne ya ce a sa mai baki a can ta ji a jikinta? Mama kuma kullum sai ta turo mini kwandon da ba komai a ciki ta ce na kife na ɗan zauna, ni kuwa na ƙi, don na ɗauka tarko ne, so ake a kama ni zaune.

Ana cikin haka abin cikina ya fara motsi. Wayyo, wannan daɗin ban san da me zan kwatanta shi ba. Sauran biyun ba su kai nan ba. Ina tsaye ina ɗaure kaza sai na ji ɗan zillo a ƙasan cibiya, na yi murmushi ni kaɗai a bayan kwanduna. Ya fi yin motsi da hantsi, bayan na sha kunu. Na saba da lokacinsa har nakan jira shi. Idona dai kullum ja, maƙogwarona na ƙaiƙayi, muryata ta dushe, amma na ce sanyi ne, kowa a layin haka yake. Kuma a ganina warin ma ya ragu. Na fara cewa a raina ƙila Injiniya ya sami lokacin da yake nema ya gyara.

Akwai wata mata daga Nyanya da ke zuwa sayen kai da ƙafar kaza, tana soyawa a bakin tasha. A waje ake auna mata, ba ta taɓa shigowa ba. Ran nan mai auna mata bai zo ba, ta gaji da jira ta turo ƙofa tana neman Madam. Ƙofar da ta shigo ta nan gefen lunguna take. Taku biyu ta yi ta ja da baya kamar an mare ta. Ta toshe hanci da gyale, tana tari, hawaye na zuba.

"Innalillahi! Mene ne wannan? A cikin wannan kuke yini?"

Mata suka yi dariya, wata ta ce baƙon sanyi ke nan. Ni kuwa na tsaya da kaza a hannu. Na ja numfashi ta hanci, a hankali, har ƙirjina ya cika. Ban ji komai ba. Na sake ja. Ƙarnin kaza ma da ƙyar. Ga mata a gabana tana kuka da idanu saboda abin da ke cikin iskar, ni da nake tsaye a tsakiyarsa ko alama. Ashe ba warin ne ya ragu ba, hancina ne ya mutu. Sai kuma wani abu ya faɗo mini. Azahar ta kusa, na sha kunu tun ɗazu, kuma yau ban ji motsi ba.

Na ajiye kazar. Na cire safar hannu na jefar a kan tebur, na nufi Madam, ban damu da tagar oga ba.

Na ce, "Madam, yau sai kin gaya mini abin da na yi miki. Kin san abin da ke zuba a lungun can. Kin san ba fitsari ba ne. Me na tare miki da kika kai ni can kika dasa?"

Madam ta dube ni baki buɗe. Wallahi na shirya wa zagi, na shirya wa kora, amma abin da na gani a fuskarta mamaki ne da ɓacin rai irin na wanda aka yi wa butulci. Ta jawo ni bayan kwanduna, Mama ta biyo mu.

Madam ta rage murya. "Kai kana gani mu makafi ne? Mu mata ne fa. Mun haihu."

Mama ta ce, "'Yata, tun ranar da na kawo waina kika ce man ya yi ƙarni na sani. Ni na gaya wa Madam ta kai ki can. Lungun nan tun kafin ki zo kamfanin nan, duk wadda ta ɗauka nan muke kai ta. Ga bango ki jingina, ga kwanduna sun kare ki daga idon oga, in kin gaji ki kife ɗaya ki zauna. Ba ma faɗa, don in ba a faɗa ba ba wanda zai ce ya ji. Haka muke rufa wa juna asiri har ciki ya ƙi ɓoyuwa."

Watanni ina harararsu, ashe gata suke yi mini. Amma gatan bai sanyaya mini rai ba ko kaɗan, sai ma wani tsoro da ya taso mini.

Na ce, "Mama, waɗanda suka tsaya a nan kafin ni, ba su ce suna jin wari ba?"

"Kowacce sai ta ce! Ai shi ya sa muka yi dariya ranar da kika faɗa. Hancin ciki ne. In cikin ya yi ƙwari sai su daina ji, kamar yadda kika daina."

"Ba hancin ciki ba ne, Mama. Matar can mai ƙafar kaza ciki gare ta?"

Madam ta ɗaga kai ta dubi bututan, ta dubi baƙar ledar, ta sauke kai.

Na ce, "Su waɗancan ɗin, yaya suka ƙare?"

Mama ta ce wata ta haifi namiji, yana nan har ya shiga makaranta. Wata ta koma garinsu, ba a sake jin labarinta ba. Sai ta hau gyara ɗaurin hularta.

"Sai wa?"

"Akwai wadda nata bai tsaya ba. Amma 'yata, wannan ai ikon Allah ne, yana faruwa ko a gida."

Na sani yana faruwa ko a gida, wa zai gaya mini? Ni ce shaida. Har yau ban ce iskar nan ce ta zubar da cikin baiwar Allah ba, ban sani ba, ba kuma wanda ya sani. Abin da na sani shi ne ba zan tsaya a gwada da nawa ba. Na ce musu don girman Allah kada su sake sa kowa a wurin nan. Na cire farar rigar da takalmin roba a nan gabansu, na ɗauki jakata. Madam ta biyo ni tana cewa na tsaya a yi magana, in na fita yanzu oga ba zai mayar da ni ba. Na ce ya riƙe aikinsa.

Na fito titi rana ta buge ni. Na tsallaka, na sami gindin wata bishiya inda wata Bafulatana ke zama da ƙwaryar nono, na zube a kan dutse. Na sa hannu biyu a ciki ina jira. Motocin yashi na wucewa, 'yan acaɓa na yi mini hon, ni ba na ganin kowa. Na karanta duk abin da na iya. Na danna gefe, na danna ɗaya gefen. Shiru. Na ce a raina, Ya Allah, idan na kashe shi saboda buhun shinkafa, ina zan sa kaina?

Bafulatanar ta daɗe tana kallona. Ba ta tambaye ni komai ba, ta dama fura mai sanyi ta zuba sukari da yawa ta miƙo. Na ce ba na sha. Ta ce, "Sha dai, ba don ke ba." Na kafa kai na shanye. Na zauna. Can, sai na ji ɗan zillo, kamar ba a yi ba. Na riƙe numfashi. Sai ya ɗauke ni da wani harbi a ƙarƙashin haƙarƙari, harbi na rashin kunya. Na fashe da kuka a bakin titi ina cewa, "Ɗan banza, sai yanzu? Sai yanzu?" Matar tana ta dariya tana cewa barka. Daga nan asibitin Karshi na wuce, ma'aikaciyar jinya ta ɗora abin saurare ta ce zuciya na bugawa daidai, ta ce kada na sake komawa wurin.

Ban koma ba. Mun sha wuya a watannin nan, ba sai na faɗa ba. Ashe ma ba ɗan banza ba ne, 'yar banza ce, mace na haifa, ta zo da kukanta da ƙarfinta. Duk da haka kwanakin farko ban yarda ba, ina ta kai kunne ƙirjinta ina sauraron numfashi, har ungozoma ta ce zan sa wa yarinya ciwon da ba ta da shi.

Ranar suna da hantsi sai ga Mama da Madam, sun zo da turmin atamfa da matan layi suka haɗa. Na ji daɗin ganinsu, wallahi na ji. Mama ta karɓi jaririyar ta buɗe zani, ta duba hannu, ta duba ƙafa, ta ɗaga ta sama tana yi mata waƙar coci. Muryarta a dushe kamar yadda na bar ta.

Na ce, "Mama, an gyara bututun?"

Ta ce an ce bayan Kirsimeti.

"Lungun fa?"

Ta ce ai da na tafi sun tsorata, sun bar shi ba kowa. Sai ga wata amarya 'yar Uke da aka ɗauka, ba ta daɗe ba ta fara tofar da yawu, ga oga ya sa ido sosai kwanan nan. Sun rasa inda za su ɓoye ta. Suna ta shawara, sai labarin haihuwata ya iso.

Mama ta juyo da fuskar 'yata wajen Madam, tana murmushi har kunne. "Na ce musu ku kwantar da hankalinku. Wadda ta fi kowa daɗewa a lungun nan ga ta ta sauka lafiya. Dubi yarinya kamar tuwo! Jiya muka mayar da amaryar can."

Na miƙa hannu na karɓe 'yata.